ƘAFA DA INCI: LAMBAR DA KE BAYAN ƊIGO

Ɗalibai, a cikin aji da mita da santimita muke awo, haka kuma masu shirya jarrabawa suke bukata. Amma duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa sayen kayan gini a Rano, ko ya tsaya wurin masu walda a Kibiya, ya san da an fita ƙofar makaranta magana ta sake. Fuloti ƙafa 50 ne da ƙafa 100. Bulo ko dai mai inci 9 ne ko mai inci 6. Katako ƙafa 12 ne tsawonsa, ƙusa kuwa inci 3 ko inci 4. Masu noman rani da ke cin moriyar ruwan Tiga wajen Bunkure da Kura in za su sayi injin ban ruwa, cewa suke a ba su mai inci 2 ko mai inci 3. Tela ma yadi da inci ne abin aikinsa.

Wannan ba laifi ba ne, mutane sun yi shekaru suna gina ɗakuna masu kyau da wannan awo. Rikicin ya shigo ne tun da kalkuleta ta shiga aljihun kowa, da fari ƙaramar na'ura mai batir, yanzu kuwa a cikin wayar hannu. Ita kalkuleta goma-goma take lissafinta. Ƙafa kuwa ba ta san goma ba, inci 12 ne a cikinta. To, in mutum ya raba wani tsawo, kalkuleta ta nuna masa 8.5, sai ya ɗauki tef ya auna ƙafa 8 da inci 5. Ya yi kuskure ke nan, domin 8.5 ƙafa takwas da rabi ce, rabin ƙafa kuwa inci 6 ne. Inci guda ya salwanta tun kafin a ɗauki zarto.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan batu ga littafin shekarar bana shi ne, ku ake kira. A ƙauyukanmu, daga Rurum zuwa Tarai, in takarda ta zo da lambobi, ɗan makaranta ake nema ya karanta. Baba zai miƙo maka waya ya ce, "Kai da ke sakandare, duba mana." Abin da ka faɗa shi kafinta zai yanka. Katakon da aka yanke kuwa ba ya komawa, gilashi balle a faɗa.

Tsofaffi sun riga mu sanin wannan lissafi

Kafin in ba ku ƙa'ida, bari mu koma baya kaɗan. Har ƙarshen 1972 kuɗin Nijeriya fam ne da sule da kwabo. Sule 20 ke yin fam, kwabo 12 kuwa ke yin sule guda. Ku lura da wannan sosai: kwabo 12 a sule, inci 12 a ƙafa. Lissafinsu ɗaya ne sak. Kakanninku da suka sayar da gyaɗa a wancan zamani suna da suna ga kowane yanki na sule. Taro kwabo 3 ne, wato kwatan sule. Sisi kwabo 6, rabin sule. Nai kwabo 9, kwata uku. Har da ahu, kwabo ɗaya da rabi, wanda yake kashi ɗaya cikin takwas na sule. Tsohuwa mai sayar da daddawa ba ta taɓa shiga aji ba, amma ba wanda ya isa ya ba ta kwabo 5 ya ce mata rabin sule ne.

Ran 1 ga Janairu 1973 aka fito da naira da kwabo na goma-goma. Fam guda ya zama naira 2, sule kuma ya koma kwabo 10, sisi ya koma kwabo 5. Mutane suka ci gaba da kiran sunayen da suka saba, sai dai adadin ya canja. Ba da daɗewa ba aka kafa dokar awo ta 1974, ƙasa ta koma ga mita da lita da kilo a hukumance. Kuɗi ya bi goma nan da nan, don ba yadda mutum zai yi, tsohon kuɗin an janye shi. Amma ba wanda ya bi gida-gida ya karɓe tef ɗin magina. Saboda haka ƙafa ta zauna da incinta 12 har yau, mu kuwa kanmu ya saba da goma. Yaron yau in ya ga 0.5 sai ya tuna biyar. Kakansa da zai tuna sisi, kuma kakan ne da gaskiya in ƙafa ake magana.

Don haka ga hanya mafi sauƙi ta riƙe abin a ka. Ku ɗauki ƙafa a matsayin tsohon sule, inci a matsayin tsohon kwabo:

0.125 na ƙafa: ahu, inci 1½
0.25 na ƙafa: taro, inci 3
0.5 na ƙafa: sisi, inci 6
0.75 na ƙafa: nai, inci 9

Wanda ya haddace waɗannan huɗu ya riga ya sami turaku da zai ɗaure sauran. In ya ga 6.8, zai ce a ransa, 0.8 ta wuce nai kaɗan, ashe inci ya haura 9. Ba zai taɓa yarda a ce masa inci 8 ba.

Mai tambaya zai ce, me ya sa tun asali ba a raba ƙafa gida goma ba? Sha biyu tana da wani amfani da goma ba ta da shi. Ana raba ta biyu, ana raba ta uku, ana raba ta huɗu, ana raba ta shida, duk ba saura. Goma kuwa biyu da biyar kaɗai ke raba ta. Ga mai aikin hannu wanda ba shi da takarda, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Kalmar inci kanta daga harshen Romawa ta samo asali, ma'anarta kashi ɗaya cikin goma sha biyu. Shi ya sa kuma har yanzu ake sayar da kaya dozin-dozin.

Ƙa'idar

Ƙa'idar gajeriya ce. Lambar da ke gaban ɗigo, wato ta hagu, ƙafafu ne cikakku, a ajiye ta gefe kada a taɓa ta. Wadda ke bayan ɗigo ɓarin ƙafa ce, a riɓanya ta sau 12, abin da ya fito shi ne inci.

Alal misali, wani yana so ya kewaye gefen fulotinsa mai ƙafa 100 da waya, ya kafa turaku yadda za a sami tazara 12 daidai wa daida. (Turaku 13 zai saya, ba 12 ba, amma wannan darasin wata rana ne.) Ya raba 100 gida 12, kalkuleta ta ba shi 8.333. Mun ajiye 8. Mun riɓanya 0.333 sau 12, ta ba mu 3.996, wato inci 4. Tazarar ƙafa 8 ce da inci 4. In da ya karanta ta ƙafa 8 da inci 3, kowace tazara ta rasa inci guda. Inci guda ba kome ba ne a ido. Amma sau 12 zai maimaita shi, in ya kai turken ƙarshe sai ya tarar ƙafa guda cif ta rage tsakaninsa da iyaka. Ko dai ya tone turakun duka, ko ya bar wa maƙwabci ƙafar. Wannan shi ne halin kuskuren: ba ya tsayawa wuri ɗaya, taruwa yake yi.

Ga wani misali da ba daga gona ba. Layin dogon da ya iso Kano a 1911, faɗin da ke tsakanin ƙarafansa biyu ƙafa 3.5 ne. Ba ƙafa 3 da inci 5 ba, ƙafa 3 da inci 6. Ƙaramin layin da ya taɓa tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, nasa ƙafa 2.5 ne, wato ƙafa 2 da inci 6. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya fi su faɗi, milimita 1,435. In aka mai da shi ƙafa sai ya zama 4.708. Riɓanya 0.708 sau 12, za ka sami 8.496, wato inci takwas da rabi. Ƙafa 4 da inci 8½ ke nan, kuma haka injiniyoyin Ingila suka tsara shi tun ƙarni na 19. Wanda ya karanta 4.708 ya ce ƙafa 4 da inci 7 ya rage inci ɗaya da rabi. A layin dogo inci ɗaya da rabi ya isa ya hana jirgi hawa.

Mataki na biyu: ɓarin inci

Ba kullum lissafi ke fita sumul haka ba. Sau da yawa bayan an riɓanya sau 12 sai a sake ganin wani ɗigo. A nan ma akwai tarko, domin inci a jikin tef ba gida goma aka raba shi ba. Ku ɗauki tef ku duba tsakanin 1 da 2. Layi mafi tsawo a tsakiya shi ne rabi. Masu bi masa a tsawo su ne kwata. Sa'an nan na ɗaya bisa takwas, sa'an nan ƙananan nan na ɗaya bisa sha shida. Saboda haka abin da ya rage bayan ɗigo na biyu sai a riɓanya shi sau 8, ko sau 16 in aikin mai bukatar ƙwanƙwancewa ne, a ɗauki cikakkiyar lambar da ta fi kusa.

Bari mu yi aikin rufi, don nan ne na fi ganin ana asarar katako. Ɗaki ne mai faɗin ƙafa 14, ana so a yi masa rufin kwano mai gangare biyu, tsakiyar ta ɗaga sama da bango da ƙafa 3. Nawa ne tsawon katakon da zai gangaro daga tsakiya zuwa kan bango, wanda kafintoci ke kira rafta? 'Yan aji uku sun san ƙa'idar Fitagoras. Rabin faɗin ɗakin ƙafa 7 ne. 7 sau 7, 49. 3 sau 3, 9. An haɗa, 58. A danna maɓallin nan mai alamar √, sai ta nuna 7.616.

Mun ajiye ƙafa 7. 0.616 sau 12 ta ba mu 7.39. Mun ajiye inci 7. 0.39 sau 8 ta ba mu 3.1, mafi kusa 3. Amsa: ƙafa 7, inci 7 da uku bisa takwas. Sa'an nan a ƙara abin da ake so ya leƙo waje don kare bango daga ruwan sama.

Wanda ya yi gaggawa zai ce ƙafa 7 da inci 6. Ya rage inci ɗaya da uku bisa takwas a kowane katako. Kafinta gwani in ya hau sama zai ga bakunan ba su haɗu ba, ya san dabarar da zai yi. Amma dabarar ita ce ya sauke tsakiyar rufin ko ya yi ƙari da guntaye, ƙari kuwa nan ne iskar farkon damina take fara gwada ƙarfinta. Duk wanda ya ga kwanukan da iska ke kwashewa a watan Mayu da Yuni a ƙasar nan ya san ba wasa ba ne. Ban ce kowane rufin da ya yaye awo ne ya jawo ba, sau da yawa rowar ƙusa ce da rashin ɗaure katako da bango. Amma mai son rufinsa ya daɗe ba ya fara shi da katakon da bai kai ba.

Haka nan wajen fitar da harsashin gini. Magina suna da dabarar 3, 4, 5 ta daidaita kusurwa, dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma ba ta bukatar kalkuleta. Amma tabbaci na ƙarshe shi ne a ja tef daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace. Ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 14: 144 da 196 sun zama 340, √ ta ba da 18.439. 0.439 sau 12, 5.27. Ƙafa 18 da inci biyar da kwata. In an kafa turaku a kan ƙafa 18 da inci 4, ɗakin ya karkace tun daga ƙasa. Ba za a gane ba sai ranar da aka zo shimfiɗa tayil ko ɗora kwano, a ga layi yana gudu yana barin bango.

Kuskuren da ya fi wannan muni

Duk abin da na faɗa a sama ɓarnarsa ba ta kai inci uku a awo guda. Alal misali a kan 0.9, ana karanta inci 9 alhali 10.8 ne. Amma akwai ɗan'uwan wannan kuskure da ke tafiya ta ɗaya hanyar, daga tef zuwa kalkuleta, shi kuwa ɓarnarsa babba ce.

Mutum ya auna ɗaki ya sami ƙafa 10 da inci 10 a faɗi, ƙafa 12 da inci 11 a tsawo. Ya rubuta a bayan kwalin siminti 10.10 da 12.11. Ga shi kansa ya san abin da yake nufi. Amma da ya danna su a kalkuleta, ita ba ta sani ba. A wurinta 10.10 daidai take da 10.1, wato ƙafa 10 da inci ɗaya da ɗan ɗoriya. Inci kusan 9 sun ɓace a take. Ta riɓanya ta ba shi 122.3. Gaskiyar lissafi kuwa, inci 10 shi ne 10 raba 12, wato 0.833, inci 11 kuma 0.917. 10.833 sau 12.917 ya ba da 139.9. Bambancin ya haura 17. In tayil mai ƙafa ɗaya da ƙafa ɗaya zai saya, ya dawo gida da giɓin guda 18, ban da waɗanda za su fashe wajen yanka. Sai ya sake biyan kuɗin mota zuwa Kano, in ya yi rashin sa'a ya tarar irin launin ya ƙare.

Ƙa'idar komawa ke nan: inci in zai shiga kalkuleta a matsayin ƙafa, a raba shi gida 12 tukuna. Ga jerin, ya kamata kowa ya kwafe shi a bangon littafinsa na lissafi:

inci 1 = 0.083, inci 2 = 0.167, inci 3 = 0.25
inci 4 = 0.333, inci 5 = 0.417, inci 6 = 0.5
inci 7 = 0.583, inci 8 = 0.667, inci 9 = 0.75
inci 10 = 0.833, inci 11 = 0.917

Ina kuma roƙonku ku daina sa ɗigo tsakanin ƙafa da inci in kuna rubuta awo. Ku rubuta 10' 10", waƙafi guda a sama ga ƙafa, biyu ga inci, ko ku rubuta kalmomin filla-filla. Ɗigo na lissafin goma ne kaɗai. A ganina rabin wannan rikici daga rubutun ganganci ya fito, ba daga rashin iya lissafi ba. Abin mamaki, ba wanda ke yin wannan kuskure da agogo. In aka ce tafiya awa 2.5 ce, kowa ya san awa biyu da minti 30 ake nufi, ba minti 5 ba.

Wasu kafintoci sun huta da wannan duka ta wata hanya, ni ma na fi son ta ga ƙananan ayyuka: su mai da kome inci tun daga farko. Katako mai ƙafa 12 inci 144 ne. In za a raba shi gida 5 don ƙafafun benci, 144 raba 5 ya zama 28.8, wato inci 28 da wajen kwata uku. Ba ƙafa a ciki, ba wurin ruɗewa. Sai dai a tuna zarto ma yana cin nasa rabo a kowane yanka, saboda haka a rage kaɗan.

In ba kalkuleta a kusa

Kowane 0.1 na ƙafa inci 1.2 ne. Wato ka ɗauki lambar farko da ke bayan ɗigo, ka ƙara mata kashi ɗaya cikin biyar nata. 0.5 ta zama 5 da 1, shida. 0.8 ta zama 8 da 1.6, wato 9.6. Kowane 0.01 kuwa inci 0.12 ne, kusan ɗaya bisa takwas ke nan, ƙaramin layin da ke jikin tef. To, in aka ba ka 0.37, nemi turken da ya fi kusa a jerin da ke sama. 0.33 inci 4 ne, saura 0.04, layi huɗu na ɗaya bisa takwas, rabin inci. Amsa wajen inci huɗu da rabi. Ainihin lissafi 4.44 ne, ka ga ba nisa. Amma kada ka ƙirga layi 37 tun daga sifiri, don ɗan bambancin da ke tsakanin 0.12 da 0.125 zai taru ya ɓata maka awo.

Yaya kusancin da ake bukata? Ya danganta ga aikin. Manomi mai tazarar kunya in ya sami inci mafi kusa ya wadatar. Malaman gona kan ba da santimita 75 tsakanin layukan masara, wato ƙafa 2.46, ƙafa 2 da inci biyar da rabi, in ya yi ƙafa biyu da rabi ba wanda zai kama shi. Magini kwatan inci ya ishe shi, siminti zai cike sauran. Kafinta ɗaya bisa takwas. Mai yanka gilashin taga da mai walda ƙofar ƙarfe su ne ba su da sassauci, sai ɗaya bisa sha shida. Abin kiyayewa ga kowa, kada a datse lambobi tun a tsakiyar lissafi. A bar uku bayan ɗigo har a kai ƙarshe, sa'an nan a daidaita.

Tef iri biyu, da takardun safiyo

Ƙafa mai ɗigo ba kalkuleta ce ta ƙago ta ba. Masu awon ƙasa sun daɗe da gane cewa tara dogayen lambobi masu inci wahala ce. A 1620 wani masanin lissafi a Ingila, Edmund Gunter, ya fito da sarƙar awo mai tsawon ƙafa 66, ya raba ta gaɓa 100. Kowace gaɓa ƙafa 0.66 ce, in kun riɓanya sau 12 za ku sami inci 7.92. Da wannan sarƙa ake fitar da eka: fili mai tsawon sarƙa 10 da faɗin sarƙa guda eka ɗaya ne, ƙafa 660 sau 66, wato 43,560. Daga baya aka yi tef na musamman ga safiyo da injiniyoyi, wanda aka raba ƙafarsa gida 10 maimakon 12. Irin wannan tef yakan faɗo kasuwa cikin kayan gwanjo, ido kuma ba ya saurin rarrabe shi da na kafinta. Gwajin mai sauƙi ne. Ka ƙirga lambobin da ke tsakanin ƙafa 1 da ƙafa 2. In sun tsaya a 9 sai ƙafa ta gaba, na safiyo ne. In sun kai 11, na inci ne. Mutum biyu a aiki ɗaya, ɗaya da wannan ɗaya da wancan, kowa zai rantse shi ne daidai.

Haka kuma in tsohuwar takardar fili ta ce wani gefe 47.9 ne a ƙafa, ƙafa 47 da inci goma da kwata uku ake nufi. Sababbin takardu kuwa da mita suke zuwa. Tun 1959, da Amurka da Ingila da Kanada da wasu ƙasashe uku suka yi yarjejeniya, inci guda milimita 25.4 ne cif, ƙafa kuma mita 0.3048. Fulotin nan namu na 50 da 100 a takardar safiyo mita 15.24 ne da 30.48. Don mai da mita ƙafa, a raba da 0.3048. Zanen gini in ya ce ɗaki mita 3.6, ƙafa 11.811 ke nan, 0.811 sau 12 kuwa 9.73, wato ƙafa 11 da inci tara da kwata uku, ba inci 8 ba.

Shawarata a nan, in takarda ta zo da mita, ku juya tef ɗin ku yi aiki da gefen santimita kai tsaye. Yawancin tef ɗin da ake sayarwa suna da duka biyu. Kowane juyi daga wannan awo zuwa wancan ƙofa ce ta kuskure. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake Faransa ce ta mulke su, mita suka gada, wannan ciwon kai bai dame su kamar mu ba. Amma na san maginin da ya yi shekara talatin yana aiki da ƙafa ba zai sake ba don yaro ya faɗa masa, bai kuma kamata ku tsaya gardama da shi a gaban mutane ba. Ku yi lissafinku daidai, ku ba shi amsa a harshen da ya sani: "Baba, ƙafa goma sha ɗaya ne da inci tara da kwata uku." In ya yi shakka, ku shimfiɗa tef ku nuna masa mita 3.6 a gefe guda, ya duba ɗaya gefen da idonsa.

Wani abu kuma, sunan kaya ba awonsa ba ne. Bulon da ake kira mai inci 9 a ƙa'idar yanzu milimita 225 ne, inci 9 na gaskiya kuwa milimita 228.6. Wasu masu buga bulo ma nasu bai kai hakan ba. Katakon da ake kira biyu da huɗu sau da yawa in ka sa masa tef ba ya cika. In lissafinka ya dogara ga kaurin abu, auna abin da ke hannunka.

Aikin hutu

Ku gwada waɗannan kafin ku dubi amsa. Na ɗaya, ƙafa 9.25. Na biyu, ƙafa 6.9. Na uku, yaro mai tsawon mita 1.68, nawa ne a ƙafa da inci? Na huɗu, katako mai ƙafa 12 an raba shi gida 7, ban da cin zarto. Na biyar, fuloti mai ƙafa 50 da 100, daga kusurwa zuwa kusurwa a karkace. Na shida, ƙafa 7 da inci 10, me za a danna a kalkuleta?

Amsoshi: na ɗaya 9' 3". Na biyu 6' 10¾". Na uku 5.512, wato 5' 6⅛". Na huɗu 1.714, wato ƙafa 1 da inci 8 da tara bisa sha shida. Na biyar 111.803, wato 111' 9⅝". Na shida 7.833.

Na bakwai ba shi da amsa a nan. Dokar ƙwallon ƙafa ta ce faɗin raga tsakanin sandunanta biyu mita 7.32 ne, tsayinta daga ƙasa mita 2.44. Ku mai da su ƙafa da inci, za ku gane da wane awo aka fara tsara su. Sa'an nan ku ari tef, ku auna ragar filin da kuke buga ƙwallo a garinku, daga cikin wannan sanda zuwa cikin waccan, ku rubuta da inci nawa ta fi ko ta gaza. 'Yan aji biyu da aji uku su kawo mini a makon farko na sabon zango, da sunan garin a saman takardar.